Laburaren da ya fara a cikin kanti: muhawara kan garin Peterborough

Tsohon Ma'aikacin Laburare: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Da ake maganar ɗakunan karatun ƙananan hukumomi da suka koma wurin jibge karyayyun kujeru, wani ɗan'uwa ya ce ai ƙaramin gari ba ya iya riƙe laburare, sai birni mai jami'a. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo muku labarin Peterborough, wani ɗan gari a jihar New Hampshire ta Amurka. A ƙidayar 2020 mutanensa ba su kai 6,500 ba. Wata unguwa guda a Kano ta ninka shi sau da yawa.

Ranar 9 ga Afrilu 1833 mutanen garin suka taru a taronsu na gari, suka kaɗa ƙuri'a cewa a ware kuɗin jama'a a sayi littattafai, kuma duk mazaunin garin yana da ikon ya ara ba tare da ya biya ko sisi ba. Wanda ya tsaya tsayin daka a kan lamarin wani limamin coci ne, Abiel Abbot, wanda a lokacin ya haura shekara sittin. Littattafan farko wajen guda 100 ne. Ba su da gini. A cikin kantin Smith da Thompson aka jera su, inda gidan waya yake, kuma mai kula da gidan wayan shi ne yake ba da aron. Daga baya aka mai da su ginin majalisar gari. Sai a 1893 laburaren ya samu gini nasa na kansa, shekara 60 cif bayan kafa shi. Yau yana nan yana aiki, da littattafai sama da 50,000.

Ku lura da jerin nan: ƙuri'a, sannan littattafai, sannan mai ba da aro, gini can a ƙarshe. Mu kuwa da gini muke farawa.

Ɗan Kwari: Wa'alaikumus salam Baba. Tambaya ɗaya. Kuɗin daga ina? Don na san Bature ba ya sakin kuɗi haka nan.

Tsohon Ma'aikacin Laburare: Tambaya ce mai kyau Alhaji. A 1821 jihar ta sa wa jarin bankuna haraji, aka riƙa tara kuɗin a wani asusu da nufin gina jami'ar jiha. Maganar jami'ar ta wargaje, sai a 1828 aka yanke a raba kuɗin ga garuruwa, su kashe a makarantun gwamnati ko wata hidimar ilimi. Yawancin garuruwa makaranta suka zuba wa. Mutanen Peterborough suka duba suka ce ai laburare ma hidimar ilimi ce, suka ɗebi wani kaso suka sa a littattafai.

Ɗan Kwari: To ka gani. Kuɗin banki ne ya faɗo musu daga sama. Ba aljihunsu suka taɓa ba. Ko mu aka ba mu irin wannan za mu yi.

Injiniya: Alhaji, mu fa ana ba mu. Kowane wata kaso yana sauka daga asusun tarayya da sunan ƙananan hukumomi 774. Kuɗin da ya sauko daga sama ba shi ne abin mamaki a labarin nan ba. Abin mamakin shi ne sun zauna sun yanke abin da za a yi da shi a bainar jama'a, kuma suka ci gaba da yankewa shekara bayan shekara, har zamanin da kuɗin ya koma fitowa daga harajin gidajensu.

Baƙon Boston: Bari in sa baki a nan, tunda a yankin nake zaune. Wannan taron gari da Baba ya ambata ba taron kansiloli ba ne. A ƙananan garuruwan arewa maso gabashin Amurka, sau ɗaya a shekara duk mai rajistar zaɓe yana da damar ya zo, a karanto kasafin kuɗi, a yi gardama a kansa: nawa za a kashe a hanya, nawa a motar kashe gobara, nawa a laburare. Mutum yana iya miƙewa ya ce kuɗin nan ya yi yawa a rage. Kuma harajin da zai biya a kan gidansa yana hawa ko sauka gwargwadon abin da aka amince. Don haka in ka ga laburaren ƙaramin gari ya rayu kusan shekara 200, ma'anarsa an sha ba mutane damar su yanke masa abinci, ba su yanke ba. Wannan shi ya fi burge ni, ba tsufansa ba.

Almajirin Zaure: Ni dai, tare da girmamawa ga Baba, akwai abin da ke damuna da irin wannan bayani. Kullum sai mu tsallaka teku mu nemo misali, kamar littafi baƙo ne a wurinmu. A 1833 ɗin nan da ake magana, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana raye a Sakkwato, yana rubuta littattafai, malamai suna kwafa suna aikawa gari gari. Nana Asma'u tana raye tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Gidajen malamai cike suke da gafakoki. Ana yin waƙafin littattafai a duniyar Musulunci tun ƙarnuka kafin a san da wata Amurka. Ku je ku ga abin da Waziri Junaidu ya tara ya bari. Timbuktu fa? Wane darasi mai kanti da littafi ɗari zai koya mana?

Tsohon Ma'aikacin Laburare: Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma ba na musun ko ɗaya. In batun yawan ilimi ne da darajar abin da ke cikin littattafan, babu ma gwadi. Amma dubi yadda ake kaiwa ga littafin. Taskar malami tasa ce. Almajirinsa yana karantawa, abokinsa malami yana ara ya kwafa, baƙon da ya zo da shaida ana buɗe masa. Maƙeri fa, ko mahauci, ko yarinyar da ubanta ba kowa ba ne? Dole su bi ta hannun wani. Kuma ranar da malamin ya rasu, littattafan sun shiga gado. In an dace da magaji mai kula, alhamdu lillahi. In ba a dace ba, an raba, gara ta ci rabi. Na ga wannan da idona a gidaje masu daraja, kuma abin yana da ciwo.

Abin da Peterborough ta kawo sabo abu uku ne a haɗe: littattafan mallakar gari ne, kuɗin jama'a ke ciyar da su a kai a kai, kuma ba a tambayar ka ɗan wane ne kafin a ba ka. Su ma can suna da irin namu kafin nan, wato ƙungiyoyin da mutum zai sayi hannun jari ko ya biya kuɗin shekara kafin ya ari littafi. Shi kansa Abbot ya taɓa shirya irin wannan. Ya ga iyakarsa ne ya nemi wanda ba shi da ƙofar biya.

Almajirin Zaure: Na karɓi batun gado. Amma waƙafi ai maganinsa ke nan, ba a gadonsa, ba a sayar da shi. Kayan aikin yana cikin addininmu. Mu ne muka taƙaita shi ga masallaci da rijiya.

Tsohon Ma'aikacin Laburare: A nan mun haɗu. Abin da zan ƙara kawai, waƙafin littafi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da waƙafin abin da zai riƙa kawo kuɗi, shago ko gona, don albashin mai kula da sayen sababbi. Littafin da ba shi da mai kula, shekara biyar ta yi masa yawa.

Ɗaliba 'Yar Zariya: Baba, ni a aji an koya mana cewa laburaren Boston ne na farko. Wani wurin kuma na ga an ce na garin Franklin ne. Wanne ne daidai?

Baƙon Boston: Ƙanwata, kowa da abin da yake nufi da na farko. Garin Franklin a Massachusetts ya ɗauki sunan Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin jagororin kafa Amurka, suka roƙe shi ƙararrawar coci, shi kuma ya aiko musu da littattafai 116. A 1790 garin ya yanke a riƙa ara wa kowa kyauta. Wannan ya girmi Peterborough, amma littattafan kyautar mutum ɗaya ce. A Salisbury ta Connecticut an buɗe na yara a 1803, kuma a 1810 garin ya sa masa kuɗi. Na Boston an kafa shi a 1848, ya buɗe ƙofa a 1854, shi ne na farko a babban birni. Peterborough abin da take taƙama da shi shi ne tun ranar farko da kuɗin jama'a aka kafa shi, don kowa da kowa, kuma bai taɓa mutuwa ba. A 1849 jihar New Hampshire ta zama ta farko da ta yi dokar da ta ba garuruwa ikon karɓar haraji don laburare. Wato garin ya riga dokar da shekara 16.

Malamar Firamare: Ni abin da ya fi kama hankalina kantin nan ne, kuma na ga an wuce shi da sauri. Ku yi tunani. Kanti da gidan waya wuri ne da kowa yake zuwa ko yana so ko ba ya so. Ka zo sayen gishiri, ka zo duba wasiƙa, ga littattafai a gabanka. Ba sai ka yi wanka ka sa manyan kaya ka tafi wani gini mai maigadi ba. Ɗakin karatun ƙaramar hukumarmu yana cikin sakatariya, bayan gari. Yaro ɗan aji biyar zai biya kuɗin adaidaita, ya wuce 'yan sanda a ƙofa, ya ratsa ofisoshi, don ya karanta littafin tatsuniya? Ba zai je ba. Ni kaina da nake malama sai na yi shiri. Kuma ƙarfe huɗu an rufe, daidai lokacin da yara suka samu kansu bayan boko, kafin ko bayan Islamiyya.

Sannan mata. Matar aure a garinmu ba za ta shiga ɗaki ta zauna cikin samari masu shirin jarrabawa ba, ko mijinta ya yarda ita ba za ta sake ba. Amma in ana ba da aro, za ta aiko yaro da katinta, ko ta biya ta ɗauka a hanyar asibiti. Mu da muka tashi a lokacin da shagunan hayar littattafan Hausa suke ko'ina mun san mata suna karatu, har kuɗinsu suke biya a kan kowane kwana. Mai shagon haya ya gane abin da hukuma ba ta gane ba, ya kai littafin cikin unguwa kuma ya bari a tafi da shi gida.

Maman Hanan: Wallahi Malama kin faɗi abin da ke raina. Yawancinmu a hayar nan muka ƙware da karatun Hausa, ba a aji ba.

Ɗan Kwari: Aro? A nan? Hajiya, littafi ɗari in kika ba da aro, bayan wata uku ki zo ki ƙirga. Mai haya yana samun nasa ne don ya san gidan kowa kuma kuɗinsa ne a ciki.

Tsohon Ma'aikacin Laburare: Alhaji, wannan tsoron shi ya kashe mana laburare da yawa, ba ɓarayi ba. Na yi aiki a inda aka hana aro gaba ɗaya saboda duk littafin da ya ɓata daga albashin ma'aikaci za a cire. Me kake tsammani? Ma'aikaci ya kulle masu kyau a kabad, ya bar tsofaffin da ba mai so a kan kanta. Littattafan ba su ɓata ba, amma ba wanda ya karanta su, har suka tsufa a kulle.

Littafi yana ɓata a kowane laburare na duniya. Ana sa wannan a lissafi tun farko, kamar yadda kai ma ka san a dila ɗaya sai an samu yadin da ya yi tabo. Maganinsa rajista mai kyau, da sanin mutane, da kuɗin maye gurbi duk shekara. Kuma ka ba da amsar da kanka: mai haya ya san gidan kowa. Mai gidan wayan Peterborough ma ya san gidan kowa, aikinsa ke nan. Wannan fa shi ne ƙarfin ƙaramin gari, abin da birni ba shi da shi.

Injiniya: Ƙarin bayani a kan ginin 1893, tunda fannina ne. George Morison ne ya zana shi, injiniyan gada ne sananne wanda ya gina manyan gadoji a kan kogin Missouri da Mississippi, kuma danginsa 'yan garin ne. Ginin bulo ne, ba wani ƙato ba. An yi masa ƙari a baya, sannan a 'yan shekarun nan aka rushe ƙare-ƙaren aka sake sabon sashe, aka bar tsohon ginin a tsaye, aka buɗe a 2021. Aikin ya ci sama da dala miliyan 8. Mafi yawa gudummawar mutane ce, dala miliyan 3 kuma bashi ne da garin ya amince ya ci ta hanyar ƙuri'a.

Ɗan Kwari: To ga shi nan, masu kuɗi ne suka gina. Abin da nake faɗa ke nan. A samu attajiri ɗaya mai kishi a kowane gari, magana ta ƙare. Ba attajirin nan mai masana'antar ƙarfe, Andrew Carnegie, ne ya cika Amurka da laburare ba?

Baƙon Boston: Ya gina da yawa, gaskiya ne. Tsakanin 1883 da 1929 an gina 2,509 da kuɗinsa, 1,689 daga ciki a Amurka, na farko kuma a garinsu Dunfermline a Sikotlan. Amma Alhaji ka san sharaɗinsa? Gari ne zai ba da fili, kuma ya yi alkawari a rubuce cewa duk shekara zai kashe kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin wajen tafiyar da shi, daga kuɗin jama'a, kuma a buɗe wa kowa kyauta. Gini kawai yake bayarwa. Littattafai da albashi na gari ne. Akwai garuruwan da suka ƙi karɓa saboda sharaɗin. Ɗan kasuwa ne, ya san gini ba ya ciyar da kansa.

Tsohon Ma'aikacin Laburare: Kuma kuɗin Carnegie ya iso Najeriya. Gidauniyarsa ta ba da tallafin da aka buɗe laburaren Legas da shi a 1932. Sai dai na biyan kuɗin shiga ƙungiya ne, don haka Turawa da 'yan boko ƙalilan suka amfana. Mu a Arewa abin da ya fi kusa da talaka shi ne ɗakunan karatu na En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna a zamanin Turawa, waɗanda suka yaɗu a lokacin yaƙin duniya na biyu, mutane suna zuwa karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da jin labarin yaƙi. Suna tsakiyar gari, kusa da fada ko kasuwa, daidai abin da Malama take nema. Amma daga sama aka kawo su, ba mutanen gari ne suka zauna suka ce muna so ba. Da En'e ta tafi aka shigo tsarin ƙananan hukumomi a 1976, wasu sun ci gaba, da yawa kuma suka rasa mai tambayar lafiyarsu, don babu wanda yake jin nasa ne.

Ingila ma ta yi irin kuskuren fara da gini. Dokarsu ta 1850 ta yarda a karɓi harajin rabin kwabo a kowace fam don laburare, amma ta hana a sayi littattafai da kuɗin, wai masu hali za su kawo kyauta. Sai da aka gyara a 1855. Kyautar littafi kuwa, duk wanda ya yi aikin nan ya san ta: mutum ya share ɗakinsa ya kawo maka abin da shi ma ba ya so.

Matashin Gari: Iyayena ku gafarce ni, amma duk wannan ba tarihi ba ne kawai? Yanzu komai yana waya. Littafin da nake so in sauke shi cikin minti biyu. Me zai sa a kashe kuɗi a ɗaki da kantoci?

Malamar Firamare: Ɗana, kai kana da waya da kuɗin data. A ajina yara sun fi saba'in, kuma zan iya rantsuwa mafi yawansu ba su taɓa riƙe littafin labari mai hoto nasu na kansu ba. Wayar gidan tana hannun uba, yana kasuwa. Yaro ba ya koyon son karatu a wayar da ake ara masa minti biyar. Kuma ko kai, ina kake zama ka yi karatun jarrabawa da dare in babu wuta, ga ƙanne suna guje-guje?

Baƙon Boston: Kuma ka duba, mutanen da suka fi mu intanet nesa ba kusa ba su ne suka sake zuba miliyoyi a laburarensu a 2021. Yau in ka shiga irin waɗannan za ka tarar da kwamfutoci, da intanet kyauta, da ɗakin yara, da zauren taro, da mai taimaka wa tsoho cike takarda. Littafin waya ma ta laburaren ake aronsa da kati ɗaya.

Matashin Gari: In da wuta da intanet da wurin zama, to ni ma zan zo. Na ɗauka kantoci kawai ake nufi.

Almajirin Zaure: Sharaɗina ɗaya in za a yi a garinmu: kada a cika shi da littattafan Turanci da aka kwaso daga ƙasashen waje a kwantena. A sa na Hausa, a sa na ajami, a sa na Larabci, a sa na noma da kiwo da lafiya. Mutumin da ya yi shekara goma a tsangaya mai karatu ne, kada ya shigo ya ga babu abin da zai iya buɗewa.

Tsohon Ma'aikacin Laburare: Wannan sharaɗin nawa ne ni ma. Kuma shi ya sa nake nacewa a kan kuɗin shekara, ko kaɗan ne. Mai kuɗin saye shi ke zaɓen abin da mutanensa za su karanta. Mai jiran kyauta sai abin da aka ga dama.

Maman Hanan: To Baba, a aikace. Mu ba mu da taron garin da ake ƙuri'a a kan kasafi. Shugaban ƙaramar hukuma ba zai kira mu ya tambaye mu ba. Ta ina za a fara?

Injiniya: Muna da ƙungiyoyin ci gaban gari, muna da na tsofaffin ɗalibai, muna da kwamitin masallacin Juma'a, kuma duk suna tara kuɗi suna yin taron shekara, galibi da sallah. Nan ne namu taron garin. A kawo maganar a can, a yanke adadi a rubuta, a riƙa karanto lissafinsa duk shekara a gaban kowa. In abu ya tsaya da ƙafarsa, sannan a je wa hukuma da buƙatar ta ɗauki albashin mutum ɗaya.

Ɗan Kwari: Har yanzu ina da shakka a kan aron nan, ba zan ɓoye ba. Amma ina da shago a garinmu kusa da tasha wanda rabinsa ba kowa. In ƙungiya ta yanke kuɗin shekara a rubuce, kuma aka samu mai riƙe rajista wanda ba yarona ba, zan ba da wurin in sa kantoci da sola. A fara da yara da mata, a ga yadda dawowar littattafan za ta kasance.

Malamar Firamare: Allah ya saka da alheri Alhaji. Rajistar yara ni zan ɗauka, ta hannun makarantu, kowane yaro da sa hannun malamin ajinsa. Amma a buɗe daga la'asar zuwa isha, da Asabar da Lahadi. Baba, a taimaka mana da yadda ake tsara littafin aro da jerin abin da ya kamata a fara saye.

Tsohon Ma'aikacin Laburare: Zan rubuto in sa a nan. Malam Almajiri, kai za ka fitar da na ajami da Larabci, don ka fi ni sanin waɗanda ake samu a kasuwar Kurmi da farashinsu.